Yadda ake harɗa sunaye da yadda ake amfani da -n ta karɓau a harshen Esperanto

Bahaushen da ya fara koyon Esperanto yakan ga harafin -n a ƙarshen kalmomi ya ɗauka tsohon sani ne. A Hausa wannan harafi ne ke ƙulla suna da suna: ɗakin kwana, jirgin ƙasa, man gyaɗa. A Esperanto kuwa ba ya ƙulla komai. Aikinsa ya nuna abin da aiki ya faɗa wa, ko wurin da aka dosa, ko tsawon lokaci da awo. Ƙulla suna da suna ana yinsa ne babu -n, kuma a juye da yadda muka saba. Shi ya sa ya fi kyau a koyi abubuwan nan biyu tare, don kada ɗaya ya shiga gonar ɗaya.

Likitan ido L. L. Zamenhof ne ya ƙirƙiri harshen, ya fitar da shi a birnin Warsaw a 1887, da ƙa'idoji 16. A 1905 aka tabbatar da su a matsayin tushen harshen cikin Fundamento de Esperanto, a babban taron farko da aka yi a Boulogne-sur-Mer ta Faransa. Ƙa'ida ta 11 ita ce ta harɗa kalmomi. Ta 2, ta 3, ta 13 da ta 14 su ne suka shafi -n, wadda masu harshen ke kira *akuzativo*.

Kafin a shiga misalai, ga yadda ake karanta wasu haruffa: ĉ kamar c ta Hausa, ŝ kamar sh, ĝ kamar j, j kamar y, ŭ kamar w. Don haka *-ojn* "oyn" ake furta ta, *-ajn* kuma "ayn". Suna yana ƙarewa da -o, sifa da -a, bayanau da -e, aikatau da -i idan ba a ɗaura masa lokaci ba.

Harɗa suna

Mataki na farko: gano babbar kalma. Tambayi kanka, shi abin nan mene ne a asalinsa? Ɗakin kwana ɗaki ne. Garin masara gari ne. Wannan kalmar da ta amsa tambayar ita ce babba, kuma ita ce za ta zo a ƙarshe. Hausa tana sa ta a gaba, Esperanto tana sa ta a baya. Idan ka ga harɗaɗɗen sunan Esperanto, ka karanto shi daga ƙarshe zuwa farko, sai ka ga ya fito da tsarin Hausa sak:

*dormoĉambro*: ĉambro ɗaki, dormi barci, wato ɗakin kwana
*fervojo*: vojo hanya, fero ƙarfe, wato hanyar jirgin ƙasa
*maizfaruno*: faruno gari, maizo masara
*pluvsezono*: lokacin ruwan sama, wato damina
*kudromaŝino*: keken ɗinki

Juya jerin yana canza abin gaba ɗaya. *Sukerkano* rake ne, karan da ake samun sukari a jikinsa. *Kansukero* sukari ne, wanda aka tatso daga rake. *Kantobirdo* tsuntsu ne mai waƙa, *birdokanto* kuwa kukan tsuntsun ne. Wanda ya bi jerin Hausa ya ce *ĉambrodormo* bai ambaci ɗaki ba, barcin da ake yi a ɗaki ya ambata.

Mataki na biyu: cire ƙarshen kalmar farko ka bar saiwarta. *Vaporo* ta zama *vapor*, ka liƙa ta da *ŝipo*, ka sami *vaporŝipo*, jirgin ruwa mai aiki da tururi. *Mateno* da *manĝo* su ba da *matenmanĝo*, karin kumallo. A haɗe ake rubuta su, babu tazara. Rubuta *maten manĝo* ko *mateno manĝo* a rabe kuskure ne, domin sunaye biyu ba sa tsayawa kafaɗa da kafaɗa haka a wannan harshe ɗaya yana bayyana ɗaya.

Mataki na uku: furta kalmar da ƙarfi ka ji ko baki ya ɗauka. Idan baƙaƙe sun yi cunkoso a mahaɗar, mayar da -o a tsakani. *Akvfalo* ba ta furtuwa, don haka ake cewa *akvofalo*, ruwan da ke kwararowa daga kan dutse. Haka *lernolibro*, *librovendejo*, *kudromaŝino*. A wasu kalmomin duka biyun suna tafiya: *skribtablo* da *skribotablo*, *dentbroso* da *dentobroso*, ma'anarsu ɗaya. Harshen Bahaushe ba ya son baƙaƙe uku a jere, saboda haka babu laifi ya riƙa zaɓar mai -o ɗin. Ba alamar rashin ƙwarewa ba ce. Abin da ba a yi shi ne cusa wani wasali daban, kamar i ko u, yadda muke yi wa kalmomin aro.

Idan saiwar farko ta ƙare da baƙin da ta biyu ta fara da shi, ana rubuta su duka biyu, ana kuma furta su duka biyu: *littuko* zanen gado, *orringo* zoben zinariya, *huffero* takalmin ƙarfe na doki, *posttagmezo* bayan tsakar rana. Nan Bahaushe ya fi wasu sauƙi, tunda ya san bambancin kala da kalla.

Wani dalilin mayar da -o shi ne gudun karo da wata kalma. *Konko* ƙwanson dodon koɗi ne da makamantansa, *ludo* wasa. Idan ka haɗa su kai tsaye za ka sami *konkludo*, alhali akwai wannan kalmar tun asali, tana nufin matsayar da aka cimma bayan nazari. Sai a ce *konkoludo*. Karan ɗori ma yana yin wannan aikin, kuma an yarda a sa shi duk inda zai taimaki mai karatu ya ga mahaɗa. Ya fi amfani ga wanda ke rubutu da na'urar da ba ta da haruffa masu hula, yana sa h a madadin hular. A irin wannan rubutun *flughaveno*, filin jirgin sama, ana iya karanta gh ɗinta a matsayin ĝ. Rubuta *flug-haveno* ya kashe maganar.

Mataki na huɗu: duba cewa ba ka bar -j ko -n a tsakiya ba. Kantin littattafai yana da littattafai da yawa, amma *librovendejo* ake cewa. Masunci kifi yake kamawa, kifin karɓau ne a ma'ana, duk da haka *fiŝkaptisto* ake cewa, ba *fiŝonkaptisto* ba. Nan ne hannun Bahaushe ke zamewa, saboda kunnensa yana neman -n a daidai wannan gurbin. Wurare biyu ne aka saba ganin -n a tsakiyar kalma. Na ɗaya *sin*, wato kai, a kalmomi irin *sindefendo*, kare kai. Na biyu -n ta alƙibla da ke jikin bayanau, kamar *supreniri* hawa sama, *hejmeniri* tafiya gida, *antaŭeniri* ci gaba.

Akwai lokutan da ƙarshen kalmar farko ke ɗauke da ma'ana, cire shi ɓarna ne. *Unutaga* na kwana ɗaya, *unuataga* na ranar farko. *Unuklasa* mai aji ɗaya, *unuaklasa* mai daraja ta ɗaya. *Posteulo* wanda ya biyo baya, idan ka cire e ɗin ka sami *postulo*, wato buƙatar da aka gindaya.

Mataki na biyar: ɗora nauyin murya a gaɓa ta biyun ƙarshe ta kalmar gaba ɗaya: vapor-ŜI-po, dormo-ĈAM-bro, fer-VO-jo. Ƙara -j ko -n ba ya ƙara gaɓa, don haka nauyin ba ya motsawa.

Mataki na shida, wanda ake yawan tsallakewa: warware kalmar ka ga ko ta faɗi abin da kake nufi. Kowane harɗaɗɗen suna yana ɓoye wata ƙaramar kalma a tsakaninsa. *Skribtablo* shi ne *tablo por skribi*, tebur don rubutu. *Orringo* shi ne *ringo el oro*, zobe daga zinariya. *Vaporŝipo* jirgi ne mai tafiya *per vaporo*, da tururi. Idan ka ƙirƙiri kalma ka kasa warware ta da *por*, *el*, *de*, *per* ko *en*, mai sauraro ma ba zai iya ba. Idan kuma ta warwaru ta hanya biyu masu nisa da juna, faɗi dogon kawai.

Sifa da suna sai an yi hattara. Ba a harɗa su don kawai a gajarta magana. *Bela floro* kyakkyawan fure ne, ba a mayar da ita kalma ɗaya. Ana harɗawa ne idan haɗin ya zama sunan wani nau'i na musamman. *Dika fingro* kowane yatsa mai kauri, *dikfingro* babban yatsa, ko da na siririn mutum ne. *Alta lernejo* makaranta mai tsawon gini, *altlernejo* makarantar gaba da sakandare. Muna da irin wannan: jan baki da mata ke shafawa ba kowane bakin da ya yi ja ba ne.

Sai maganar halin saiwa, wadda ke kayar da waɗanda suka yi nisa ma. Kowace saiwa tana da jinsin da ta fito da shi, kuma ƙamus ne ke nuna shi. *Bros* abu ne: *broso* buroshi, *brosi* gogewa da shi. *Komb* aiki ne: *kombi* taje gashi, *kombo* tajewar kanta, abin tajewa kuwa sai an ƙara -il-, *kombilo*. Saboda haka *dentobroso* daidai ne, amma wanda ya kwaikwaye ta ya ce *harkombo* da nufin mataji, tajewar gashi ya faɗa. Haka *kudri* ɗinki, *kudrilo* allura, *tranĉi* yanka, *tranĉilo* wuƙa. Kafin ka sa saiwa a ƙarshen harɗi, duba ƙamus ka ga da -o aka shigar da ita ko da -i.

Ɗafe-ɗafe irin -ej- na wuri, -il- na kayan aiki, -uj- na mazubi, -ist- na mai sana'a, -ul- na mai hali, -ar- na tari, suna bin wannan tsarin na babba a ƙarshe. *Malsanulejo* ka karanto ta daga baya: wurin, mutanen, da ke da kishiyar, lafiya. Asibiti ke nan. Kada a harɗa saiwa biyu inda ɗafi ya wadatar: *monujo* ta isa jakar kuɗi, *lernejo* ta isa makaranta. Wata 'yar lura: *preĝejo* a gininta wurin addu'a ce ko na wane addini, amma a bakin jama'a ta fi karkata ga coci, masallaci kuwa *moskeo* ake ce masa.

Tsawo ba shi da iyaka a ƙa'ida. A aikace saiwa biyu ce daidai, uku tana wucewa kamar *fervojstacio*, huɗu ta fara nauyi. *Vendejo de poŝtelefonoj* ta fi daɗin ji da karantawa a kan a dunƙule shagon wayar salula cikin kalma guda.

Akuzativo: ina ake sa -n

Wanda ya yi nahawun Larabci ya riga ya san rabin wannan darasi. Fa'ili da maf'uli, *kitabun* ta koma *kitaban* idan littafin ne aka karanta. Haka *libro* ke komawa *libron*. Hausa ma tana nuna karɓau, sai dai a jikin aikatau take nunawa: abin da na saya, na sayi doki, na saye shi. Esperanto tana barin aikatau yadda yake, ta ɗora alamar a kan sunan.

Fara da neman aikatau a jimlar. Tambayi wa ya yi, wannan shi ne aikau, ba ya ɗaukar -n har abada. Sannan tambayi wa aka yi wa ko me aka yi, kai tsaye ba tare da wata ƙaramar kalma a tsakani ba. Wannan shi ne karɓau, shi ke ɗaukar -n.

*Hundo mordis viron.* Kare ya ciji mutum.
*Viron mordis hundo.* Har yanzu karen ne ya yi cizon.

Amfaninta ke nan: jerin kalmomi ya sami 'yanci, ana iya gabatar da abin da ake son jaddadawa ba tare da ma'ana ta juye ba. An sha ƙoƙarin kawar da ita. A 1894 Zamenhof da kansa ya gabatar da wani gyararren tsari da babu ita, masu biyan kuɗin mujallar La Esperantisto suka kaɗa ƙuri'a suka ƙi. Harshen Ido da ya ɓalle a 1907 ya bar ta ne kawai inda karɓau ya riga aikau. A Esperanto dole ce ko da jerin bai juya ba.

Jerin ƙarshen kalma ba ya sauyawa: -o, sai -j ta jam'i, sai -n. *Libro, libroj, libron, librojn.* Sifa tana bin sunanta a duka biyun: *novan libron, novajn librojn*. Wakilan suna ma haka: *min, vin, lin, ŝin, ĝin, nin, ilin, sin*, da na mallaka, *mian libron, miajn librojn*. A harɗaɗɗen suna -n ɗaya ce, a can ƙarshe: *Mi aĉetis kudromaŝinon*, na sayi keken ɗinki.

Waɗanda ba sa ɗaukarta: *la* ba ta canzawa. Lambobi irin *du, tri, dek, cent, mil* ba sa canzawa, sunan da ke bayansu ne ke ɗauka: *Mi aĉetis tri librojn*. Cikin kalmomin tambaya da nuni, masu ƙarewa da -u, -o, -a, -e suna ɗauka, kamar *kiun, tion, kian, kien*. *Kiam, kiel, kial, kiom, kies* ba sa ɗauka.

Ga wuraren da tsarin Hausa ke jan mutum ya kauce.

"Ina da kuɗi" babu aikatau a cikinta, sai mai koyo ya manta cewa *havi* aikatau ne so-karɓau. *Mi havas monon.* A ɗaya gefen, "akwai" tana jan mutum ya sa -n inda babu ita. *Estas libro sur la tablo*, akwai littafi a kan tebur: littafin aikau ne da ya zo a bayan aikatau. Haka *Okazis akcidento*, haɗari ya faru, da *Mankas akvo*, babu ruwa. Zuwa bayan aikatau ba shi ke mayar da suna karɓau ba.

Bayan *esti* kasancewa, *fariĝi* zama, *ŝajni* yin kama da, *resti* ci gaba da kasancewa, babu -n, domin abin da ke biye bayani ne a kan aikau, ba wani abu daban da aiki ya faɗa wa ba. *Ŝi estas kuracisto. Li fariĝis instruisto.*

"Ina son shayi" tana da -n a jikin "so". A Esperanto tana tashi daga can ta koma kan shayin: *Mi ŝatas teon.*

"Na ba Audu littafi" tana da karɓau biyu a jere. Esperanto ba ta yarda da -n biyu irin wannan ba. Abin da aka bayar shi ke ɗaukar -n, wanda aka ba kuwa a sa masa *al*: *Mi donis libron al Audu.* Duk inda Hausa ta ce wa, ma, masa, mata, to *al* ko *por* ake nema. Wasu aikatau suna karɓar kowanne: *helpi lin* ko *helpi al li*, *danki ŝin* ko *danki al ŝi*. Da *instrui* ka zaɓi ɗaya: *instrui Esperanton al infanoj* ko *instrui infanojn pri Esperanto*.

"Ruwa ya tafasa" da "na tafasa ruwa" a rubuce kalma ɗaya ce. A Esperanto *boli* ƙi-karɓau ne: *La akvo bolas.* Don ya ɗauki karɓau sai an ƙara -ig-: *Mi boligas la akvon.* *Komenci* da *fini* akasin haka suke, so-karɓau ne tun asali: *Mi komencis la laboron*, amma *La laboro komenciĝis*. Wannan ma ƙamus ne ke faɗa, ba a cankarsa.

"Mutumin da na gani" da "mutumin da ya gan ni" duka "da" ce. A Esperanto *kiu* tana duba aikinta a cikin ƙaramar jimlar da take jagoranta, ba ruwanta da babbar jimla: *la viro, kiun mi vidis* da *la viro, kiu vidis min*. Don haka *Mi konas la viron, kiu venis* daidai ce: mutumin karɓau ne ga sani, amma shi ne aikau ga zuwa.

Akwai wani wuri mai daɗi inda rashin -n a jikin sifa ke ɗauke da ma'ana. *Mi farbis la ruĝan pordon*: na yi wa jar ƙofar fenti, da ma ja ce. *Mi farbis la pordon ruĝa*: na yi wa ƙofar fenti ta koma ja. *Mi trovis la malvarman akvon*: na samo ruwan sanyin. *Mi trovis la akvon malvarma*: na tarar ruwan da sanyi. Gwajinsa shi ne ka iya cusa "ya zama" ko "yana" a tsakanin sunan da sifar. In ta shiga, babu -n. Haka *Ili elektis lin prezidanto*, sun zaɓe shi shugaba.

Bayan *ol* da *kiel*, kalmar tana bin abin da aka kwatanta ta da shi. *Mi amas vin pli ol lin*: na fi son ka a kan yadda nake son sa. *Mi amas vin pli ol li*: na fi shi son ka. Harafi ɗaya, magana biyu, kuma irin maganar da ba a so a yi kuskure a cikinta.

Alƙibla

Ƙananan kalmomin da ake kira *prepozicioj*, irin *al, de, kun, por, pri, per, sen*, sunan da ke bayansu ba ya ɗaukar -n: *kun mia frato, por la infanoj*. *Da* ta awo tana cikinsu, shi ya sa ake cewa *Mi aĉetis kilogramon da rizo*, -n tana kan ma'aunin, shinkafar babu. Da *multe da akvo* kuwa babu -n ko ɗaya, ko da ruwan aka sha.

Togaciya ɗaya ce. Waɗanda ke nuna wuri, kamar *en, sur, sub, inter, antaŭ, malantaŭ, trans*, ba sa faɗin ko abu yana wurin ne ko can ya nufa. Sai -n ta raba gardama:

*La kato saltis sur la tablo.* Kyanwar tana kan teburin, tana tsalle a can.
*La kato saltis sur la tablon.* Daga wani wuri ta yi tsalle ta hau teburin.
*Li kuris en la domo.* Yana cikin gidan yana gudu.
*Li kuris en la domon.* Ya ruga cikin gidan.

Motsi kaɗai bai isa dalili ba, tunda a duka jimlolin akwai motsi. Tambayar ita ce, wurin da aka ambata nan tafiyar ta ƙare? Bayan *al* da *ĝis* ba a sa -n domin su da kansu alƙibla suke nunawa. Bayan *el* da *de* ma ba a sawa, tunda barin wuri suke nunawa. *Al la domon* kuskure ne da ke fitowa daga yawan himma.

Bayanau na wuri ma suna ɗauka: *hejme* a gida, *hejmen* zuwa gida, *tie* can, *tien* zuwa can, *dekstren* zuwa dama. *Kie vi estas?* kana ina. *Kien vi iras?* ina za ka. Tsohon salon *Mi veturas Parizon* yana nan a littattafai kuma daidai ne, amma *al Parizo* ta fi yawa a bakin mutanen yau.

Lokaci, awo da gaisuwa

A nan -n tana tsayawa ne a madadin prepozicio da aka cire. Ko ka sa ɗaya ko ka sa ɗaya, ba a haɗa su. *Mi dormis dum ok horoj* da *Mi dormis ok horojn* duka sun ce na yi barcin awa takwas. *Dum ok horojn* ta ɗauki kaya biyu.

Kwanan wata: *la 15-an de decembro*, ran 15 ga Disamba, idan ana faɗin ranar da abu ya faru. Amma *Hodiaŭ estas la 15-a de decembro* babu -n, saboda *esti*. *Lundon mi venos*, ranar Litinin ɗin nan zan zo. *Lunde* an fi jin ta da ma'anar ran Litinin a al'adance. *Ĉiun tagon* kullum, *la tutan nokton* dare farai.

Awo: *La muro estas tri metrojn alta*, katangar tsawonta mita uku. Lura cewa -n tana kan mita, *alta* babu. *La sako pezas kvindek kilogramojn. La libro kostas dek eŭrojn. La vilaĝo estas du kilometrojn for.*

Gaisuwa kuwa guntun jimla ce da aka yanke mata kai. *Bonan matenon* tana nufin ina yi maka fatan safiya mai kyau, aikatau ɗin ne aka haɗiye. Haka *saluton, dankon, bonan nokton, bonvenon*. Larabci ma haka ya yi da *shukran* da *marhaban*, duka mansubai ne, wato suna ɗauke da alamar karɓau.

Sunayen mutane da garuruwa

Sunan da ya ƙare da -o yana ɗaukar -n kai tsaye: *Mi vizitis Kanon, Niĝerion, Niĝeron.* Babban baƙi ne ke raba Kano da *kano*, karan da muka gani a *sukerkano*. Sunan da ya ƙare da wani wasali ana iya liƙa masa -n, da karan ɗori ko babu: *Aminan, Amina-n, Audu-n*. Wanda ya ƙare da baƙi ana ƙara masa -on: *Zinder-on*. Ana kuma iya barin baƙon suna yadda yake idan jerin aikau, aikatau, karɓau ya bayyana komai. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a gabatar da suna na gama-gari ya ɗauki -n ɗin: *Mi vizitis la urbon Zinder.*

Gwada duka a jimla ɗaya

Ɗauki wannan: Ranar Litinin Amina ta sayi sabon keken ɗinki, ta kai shi cikin ɗakin kwana.

Fara da harɗaɗɗun sunaye. Keken ɗinki na'ura ce, *maŝino* a ƙarshe, *kudr* a gaba, baƙaƙe sun cunkushe, a sa -o: *kudromaŝino*. Ɗakin kwana, *dormoĉambro*. Sai aikatau biyu, *aĉetis* da *portis*. Mai yin su Amina, babu -n. Abin da aka saya keken, shi da sifarsa su ɗauka. "Shi" karɓau ne, kuma abu ne ba mutum ba, *ĝin*. Ɗakin nan ne tafiyar ta ƙare, *en* da -n. Ranar kuma lokaci ce da ba a sa mata prepozicio ba.

*Lundon Amina aĉetis novan kudromaŝinon kaj portis ĝin en la dormoĉambron.*

An sami -n biyar. Jimlar Hausar ma tana da mahaɗi biyar: ranar, sabon, keken, cikin, ɗakin. Inda suka faɗo a kalma guda, kamar "sabon" da *novan*, dacewa ce kawai. Mayar da keken ya zama aikau ka gani: sabon keken ɗinkin yana cikin ɗakin kwana. Hausa ta riƙe nata -n duka. Esperanto ta zubar da nata: *La nova kudromaŝino estas en la dormoĉambro.*